Sunan da ke Bayan Hoton Baffa

Asabar, 7 ga Yuni, 2025

Washegarin Sallah. Mun je Maigatari gaida Baffa Ishaku, yayan marigayi Abba. Ni ban so zuwa ba, Umma ce ta matsa. Na yi niyyar in gaishe shi in koma ɗakin Inna Amarya, matarsa, in zauna da wayata har a tashi tafiya, kamar kullum.

Idonsa ya lalace sosai. Yanar ido ta rufe na dama gaba ɗaya, na hagun ma ya soma. Inna Amarya ta ce sau biyu ana ba shi ranar aiki yana ƙin zuwa.

Ina miƙewa ya ce, "Juwairiyya, an ce ke ce ke koya wa 'yan mata kwamfuta a Gagarawa?" Na ce eh. Ya laluba ƙarƙashin filo ya ciro wani tsohon gwangwanin shayi. A ciki akwai hoto, an naɗe shi da leda har ninki uku. Jaririya ce, mai kumatu, gashinta a tsaye, an sa mata riga mai hannu kala-kala. Ba Bahaushiya ba, ba Balarabiya ba. A bayan hoton akwai rubutun biro, duk da'ira da sanduna.

"Karanta min."

Na ce Baffa ai ban iya Sinanci ba.

"Ba Sinanci ba ne. Koriya ne. An ce wayar nan taku babu abin da ba ta sani ba. Ina so in ji abin da aka rubuta kafin ɗayan idon ma ya tafi."

Na ɗauki gaba da baya a waya don kawai ya bar ni. A mota Umma ta ce, "Labaran Libiya ne za su dawo." Muka yi dariya.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na nuna wa manhajar fassara rubutun. Ta ce: "duma, kwana ɗari." Duma kuma! Na sake, ta ce wani abu daban. Rubutun hannu ne, kuma biron ya koɗe.

Haushi ya sa na ce bari in ga yadda rubutun nasu yake. Shi ke nan yini ya tafi. Miyar Umma ta kama, ni aka bar wa ita.

Talata, 10 ga Yuni

Wallahi ban taɓa ganin rubutu mai tsari irin wannan ba!

Ni da na ɗauka zane-zane ne dubu-dubu sai an haddace. Ashe haruffa ne kamar namu, baƙi da wasali. Abin da ya bambanta, ba a jera su a layi. Tara su ake yi a ɗaki guda. Baƙi ya shiga, wasali ya tsaya a gefensa ko ya kwanta a ƙarƙashinsa, in akwai wani baƙin a ƙarshen gaɓa sai ya zauna a ƙasa. Kowace gaɓa da ɗakinta.

ㅂ shi ne b. ㅏ shi ne a. ㄱ shi ne k. A tara su: 박. Bak!

A motar Gagarawa na karanta wannan, na ce "Bak!" da ƙarfi, matar da ke kusa da ni ta janye kwandonta.

Bak yana nufin duma, gaskiyar manhajar. Amma kuma sunan dangi ne, mutane miliyoyi ke amsa shi.

ㅁ kuwa m ne, ɗan akwati mai kusurwa huɗu, wai siffar baki ce. Na fi son shi.

Kafin mu kai Gagarawa Tasha na gama layin duka: 박솔미 백일 1986.3.9. Bak Solmi, kwana ɗari da haihuwa, tara ga Maris 1986. Su a can ana yi wa jariri biki in ya cika kwana ɗari. Sunan yarinyar ne!

Ni kaɗai na karanta. Babu wanda ya koya min. Na shiga aji ina ta murmushi, 'yan aji biyu suna kallon juna.

Alhamis, 12 ga Yuni

Yau hutu. Na tafi Maigatari, na manta ranar kasuwa ce. Shanu da raƙuma da manyan motoci sun cushe hanya, sai da na sauka na ƙarasa a ƙafa.

Da na ce masa "Solmi", Baffa ya dafe ƙirji.

"Ashe suna ne. Ni duk shekarun nan na ɗauka ruwa mai hoton yake nufi da yarensu."

Ya ba ni labarin a taƙaice, kansa a ƙasa, kamar mai ba da rahoto. Ya bi ta Damagaram da Agadas ya shiga Libiya yana saurayi, ya samu aikin tuƙi a wani kamfanin 'yan Koriya da ke shimfiɗa bututun ruwa a sahara. Wata rana aka haɗa shi da makanikensu, Mista Bak, su kai kayan inji wani sansani. Guguwa ta tashi, hanya ta ɓace, kamiyon nasu, babbar motar, ta fashe lagireto. Kwana uku. Bido ɗaya na ruwa, wato jarka, suna sha da murfinsa. A rana ta uku Bak ya soma sambatu, "Solmi, Solmi," ya zaro hoton nan ya cusa a aljihun Baffa ya danne da hannu. Baffa ya ja shi ƙarƙashin mota, ya bar masa sauran ruwan, ya kama tafiya. Allah ya haɗa shi da wata mota. Suka dawo suka ɗauki Bak ba ya motsi. A ƙofar asibiti aka tambayi Baffa takardu, ba shi da su. Bayan sati biyu aka watso shi iyakar Nijar da rigar jikinsa.

"Ban san ko ya rayu ba. Amana ce ya ba ni, ban san wa zan kai wa ba."

Na rubuta sunan da manyan baƙaƙe a takarda, na miƙa masa don ya ji daɗi. Ya kai ta dab da idon hagu. Ya girgiza kai.

"Kin rage sanda ɗaya."

Na ce a'a Baffa, daidai ne.

"Akwai wata a kwance, ƙarƙashin akwatin nan na ƙarshe."

Ya sunkuya ya zana a ƙasa da yatsa, bai ko nemi hoton ba. Akwati, sanda a kwance a ƙarƙashinsa, sanda a tsaye a gefe.

Na ce wannan ai karayar takarda ce, hoton ya tsufa. Na ce Solmi suna ne sananne, na duba.

Ya share zanen da tafin hannu. Ya ce, "To, Malama." Ya kira Inna Amarya ta kawo min fura.

Juma'a, 13 ga Yuni

"To, Malaman" nan ya hana ni sakat.

Bari in rubuta, tunda ba mai gani. Ina aji uku na sakandare, ranar sunan wani ɗan gidansu, Baffa na ba da labarin sahara, tsakar gida cike. Na ce, "Baffa, wannan a wane fim ka gani?" Aka fashe da dariya, har manya. Shi ma ya yi. Amma daga ranar bai sake ba da labari ina wurin ba. Shekara goma sha uku. Jiya ne na farko, kuma na sake.

Asabar, 14 ga Yuni

TAWADA CE.

Na buɗe hoton a waya na ja shi har ƙarshe. Karayar takarda fara ce. Wannan shuɗiya ce, har da ɗan ƙugiya inda biro ya ɗaga. Baffa ne da gaskiya.

Na koma jerin wasula. Akwai ㅡ, sanda a kwance. Akwai ㅣ, sanda a tsaye. Akwai kuma wanda ya haɗa su biyun: ㅢ. Na sa kibod ɗin Koriya a wayata, na danna akwati, ya fito. Na danna ta kwance, ta shige ƙarƙashinsa. Na danna ta tsaye, suka matsa suka ba ta wuri.

믜

Sak abin da ya zana a ƙasa! Na yi ihu har Umma ta fito da ludayi.

Abin mamaki, a baki "mi" ake cewa duka biyun, 미 da 믜. Kunne ba ya bambantawa, sai ido. Shi ya sa ya ji "Solmi". Kuma duk inda na duba cewa suke gaɓar nan ba a cika amfani da ita ba, yawancin 'yan ƙasar ma ba su taɓa rubuta ta ba.

Na kira Inna Amarya na ce ta ba shi. Na ce, "Baffa, akwai sandar." Ya ce, "Na sani." Na jira ya ƙara wani abu. Ya ce in gaida Umma.

Litinin, 16 ga Yuni

Na so in buga masa sunan da girma a firintar makaranta. Na tura daga waya zuwa tsohuwar kwamfutar ofis. 박 ya fito. 솔 ya fito. Na ukun, akwati fanko.

Da farko har na yi murna, na ɗauka ㅁ ne. Ina! Akwatin nan ne da kwamfuta ke nunawa in ba ta san harafi ba, wanda ke cinye mana ƙ da ɗ a takardun jarrabawar Hausa. Na gwada 미, ya fito lafiya lau. Sanda ɗaya ce tsakaninsu, amma ɗaya na da fuska ɗaya babu.

Malam Zayyad, malamin lissafi, ya shigo neman alli ya same ni ina yi wa kwamfuta faɗa. Mutumin garin Sule Tankarkar ne, kullum a makare yake zuwa saboda hanya, kuma bai cika magana ba. Ya leƙa ya ce, "Ke da kike koyar da abin? Ai kowane harafi da lambarsa. Nemo lambar."

Na ji kunya. Shekara huɗu ina faɗa wa yara haka daga littafi, ban taɓa neman lambar ko harafi ɗaya ba.

Talata, 17 ga Yuni

Yau na ji daɗin da na daɗe ban ji ba.

Lokacin tara ni da Malam Zayyad muka cika allo. Akwai babbar rajista ta duniya, Yunikod, kowane harafi na kowane yare da lambarsa a ciki. Ƙaramin ƙ namu 409 ne. Ban sani ba sai yau!

Na Koriya kuwa ba a warwatse suke ba. Baƙaƙen farkon gaɓa 19. Wasula 21. Na ƙarshen gaɓa 27, in an ƙara da "babu" 28. Malam Zayyad ya ninka a ka kafin in taɓa waya: 11,172. Duk gaɓar da za ta iya yiwuwa, ko ana amfani da ita ko ba a yi, an ba ta gurbi. An fara daga 44,032, an jera su bi da bi. Wato ba sai ka duba littafi ba, lissafawa za ka yi.

Ana ƙirga daga sifili. ㅁ na shida. ㅢ na sha tara. Ƙarshe babu, sifili.

6 sau 21, a ƙara 19, ya ba da 145. Sau 28, ya ba da 4,060. A ɗora kan 44,032.

48,092.

Ya ce, "Duba mu gani." Na duba. A intanet an rubuta ta da irin ƙirgar masu kwamfuta, BBDC. Muka juya ta zuwa ƙirgarmu. 48,092! Malam Zayyad ya jefa alli sama ya cafe. Mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba.

To me ya sa akwati? Ga dalili. Kafin Yunikod, a 1987, an yi wani tsari a ƙasarsu lokacin da kwamfuta ba ta da wurin ajiya sosai. Aka zaɓi gaɓoɓi 2,350 da aka fi amfani da su, aka bar sauran a waje. 믜 na cikin waɗanda aka bari. Har yau akwai salon rubutun da waɗancan kaɗai aka zana masa, irin na kwamfutar ofishinmu ke nan.

Yarinyar tana shekara ɗaya da 'yan watanni aka rufe ƙofa sunanta na waje.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ina cikin adaidaita a Gumel abin ya faɗo min. Da na nemi Bak Solmi da 미, mata sun fi ɗari, na rasa ta inda zan fara. Amma da sandar nan fa? Su nawa ne za su kasance?

Na buga 박솔믜.

Sakamako bai cika shafi ɗaya ba.

Akwai wani tsohon rubutu, na 2014. Na sa manhaja ta fassara. Wata mata ce ke kuka da sunanta: katin banki ya fito da alamar tambaya, a asibiti sai an kira ta da lamba, takardar jarrabawarta an cike gaɓar ƙarshe da biro. Ta ce an haife ta ƙarshen 1985. Na ƙirga kwana ɗari baya daga tara ga Maris. Ƙarshen Nuwamba 1985!

Sai kuma shafin wani ɗan shagon furanni, sunan mai shi iri ɗaya, da adireshin imel.

Mai adaidaita ya wuce da ni har kasuwar hatsi ban lura ba.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na tura wa mai shagon. Doguwar wasiƙa da Turanci, sau shida ina gyarawa. Ban faɗa wa Baffa ba tukuna.

Litinin, 23 ga Yuni

Shiru.

Laraba, 25 ga Yuni

Har yanzu shiru. Ina duba waya a aji, abin da nake hana yara.

Na nuna wa Malam Zayyad wasiƙar. Ya karanta ya yi ajiyar zuciya. "Malama, ki sa kanki a matsayinta. Saƙo daga Najeriya, baƙuwa, wai kawunta na riƙe da amanar mahaifinki. Ke za ki amsa?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. 'Yan damfara sun gama da mu. Baffa ya riƙe hoto shekara talatin da tara, ƙarshe a ɗauke shi ɓarawo saboda ni ban iya rubuta wasiƙa ba.

Na sake turawa. Ba labari, ba roƙo. Hoton gaba, hoton baya, sai layi ɗaya da na haɗa da hannuna, gaɓa bayan gaɓa: sunanta, da 1986, da Libiya.

Juma'a, 27 ga Yuni

TA AMSA!!

Da safe, ina shirin fita. Layi uku kacal, da Turanci, a bushe: "Ina kika samu wannan hoton? Rubutun mahaifiyata ne. In da gaske mutumin ya san mahaifina, ya faɗi abin da ke hannunsa na hagu."

Ban karya ba na tafi makaranta. Ban san me na koyar ba.

Ta ce "ya san mahaifina". Ba ta ce yana raye ba, ba ta ce ya rasu ba. Na karanta ya fi sau ashirin ina neman inda za ta nuna.

Asabar, 28 ga Yuni

Motar farko na bi.

Na zauna a bakin tabarmarsa na faɗa masa komai, har lissafin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan 2,350 ya ce, "Wato ita ma ba ta da takardu." Ban san ko dariya zan yi ba.

Na karanta masa tambayar. Ko tunani bai yi ba.

"Ba abin da ke hannun ba, abin da babu. Yatsan da ke bin ƙarami, gaɓa ɗaya ta tafi. Belin fanka ne ya cinye ta tun a ƙasarsu. In zai kunna taba da wannan dungulmin yake danne ashana. Ki ƙara mata, haƙorinsa na sama ɗaya na azurfa ne. Kuma ba ya cin dabino sai ya ɓare fatar, kamar mai cin gyaɗa."

Na rubuta duka na tura a gabansa. Ya ce, "Har ya je?" Na ce har ya je. Ya ce ikon Allah, shi wata biyu ya yi kafin ya kai Sabha ta Libiya.

Da zan tafi ya riƙe gefen mayafina. "In ya mutu, ki faɗa min kai tsaye. Kar ki yi ta kewaye-kewaye irin na Amarya."

Lahadi, 29 ga Yuni

Yana raye. YANA RAYE!

Shekararsa saba'in da huɗu. Solmi ta ce da ta karanta masa maganar dabino sai ya zauna a ƙasan shagon, cikin furanni, ya kasa tashi.

Ga abin da ya sa na yi kuka: shi ma bai sani ba. Da ya farfaɗo a asibiti ya tambayi direbansa, wani ya ce ya gudu, wani ya ce wata mota ce ta tsince shi ita kaɗai. Shi dai abin da ya tuna, Baffa ya bar masa ruwa ya shiga rairayi ba ko ɗigo. Ya yanke cewa ya mutu a hanyar nemo masa taimako. Duk shekara in ranar ta zagayo sai ya cika kwano da ruwa ya ajiye a taga, ya yini bai sha ba.

Na kira na faɗa kai tsaye, yadda ya ce. Na ji Inna Amarya na salati. Shi kuwa sai ya ce, "Shekara talatin da tara ana zaman makokina, ni ina nan ina cin tuwo." Ya yi dariya har ta koma wani abu, Inna Amarya ta karɓe wayar.

Asabar, 5 ga Yuli

Ƙarfe tara na safe a nan, biyar na yamma a can. Haka muka shirya.

Na same shi tun takwas cikin babbar riga, ya sha turare. Na ce Baffa ai ba za su ji ƙamshi ba. Ya ce shi zai ji.

A cikin gida layin waya sai tsallakawa Nijar yake, dole muka fito ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya. Kafin a haɗa, maƙwabta sun taru. Wasunsu na tabbata suna cikin masu dariyar labaran Libiya. Ni ma ai.

Hoto ya buɗe. Mace mai gilashi, kumatun nan na nan. A gefenta wani ɗan tsoho, kai fari fat. Ya ɗaga hannun hagu ya manna a gilashin waya.

Baffa ba ya gani daga nesa. Ya karɓe wayar ya kai ta dab da idonsa har tana taɓa hanci. Na san a can ba abin da suke gani sai ido ɗaya da gefen hula. Na kai hannu in gyara, na fasa.

"Ishak!" in ji tsohon. "Ishak! Sawwag!"

"Muhandis!"

Wato direba, da injiniya. Sai suka ɓarke da wani guntun Larabci na wurin aiki, wanda ni da na yi Islamiyya ban gane rabinsa ba, Solmi ma ta buɗe hannu alamar ba ta gane. "Inta hayy?" "Hayy, hayy, alhamdulillah!" Kana raye, ina raye, shi suka yi ta maimaitawa. Baffa ya ce masa makaniken banza, lagireto ɗaya ya gagare shi. Ban san yadda aka yi ya gane ba, amma ya gane, ya yi ta dukan cinya.

Sai Baffa ya ciro hoton daga leda ya ɗaga. A juye ya riƙe shi, ƙafafun jaririya a sama. Ba wanda ya gyara masa. Ya ce da Hausa, "Ga amanarka. Ban ɓatar ba."

Da tsofaffin suka gaji, muka yi magana ni da ita. Na ce na karanta irin wahalar da sunan ya ba ta. Ta ce kakanta ne ya zaɓa, wai yana son sunan da ba na kowa ba. Ta ce a shekarar da ta yi rubutun nan har ta cike takardar kotu za ta goge sandar ta huta. Mahaifinta bai taɓa hana ta komai ba, amma ranar ya roƙe ta. Ya ce, "Wannan sunan ne a aljihun mutumin. In Allah ya sa ban yi daidai ba, in yana raye, da shi kaɗai zai neme mu."

Ta ce ta yi fushi da shi wata uku. Ta ce a ranta cewa take, wane direba ne a sahara zai san bambancin 미 da 믜?

Na juya na kalli Baffa. Yana ta faɗa wa maƙwabta yadda ake ɗaure lagireto da sabulu. Na ce mata, "Shi ya sani. Ni ce ban sani ba."

Talata, 8 ga Yuli

Sun ce ya riƙe hoton, ya zama nasa. Ya ƙi. Wai ba kyauta aka ba shi ba, ajiya aka ba shi. Wan Malam Zayyad zai shiga Kano jibi, zai kai wa masu aika saƙo ƙasashen waje. Ni na rubuta sunanta a bayan ambulan da biro, a hankali, na ja sandar sosai yadda ba mai cewa karaya ce.

Inna Amarya ta kira. Wai da kansa ya ce a karɓo masa ranar aikin ido. Yana so ya ga dungulmin yatsan nan da kyau, don bai yarda ba a ƙara yanke wani ba.

'Yan aji biyu sun lissafa lambar gaɓoɓi uku yau. Ba ya cikin manhajar karatu. Ƙararrawa ta kaɗa ba wadda ta tashi.

Asabar, 19 ga Yuli

Saƙo ya isa tun Laraba. An yi aikin ido ranar Talata, lafiya. Wato dai komai ya ƙare, ba sauran abin da zai kai ni Maigatari.

Na ce wa Umma zan je sayo cukun Nijar, na Gumel ba shi da kyau.

Na same shi a zaure da baƙin gilashi irin na masu aikin ido, kamar wani ɗan sanda. Ya ce me ya kawo ni, ko Koriya sun sake aiko da tambaya. Na ce a'a, wucewa nake.

Ruwa ya tsinke, dole na zauna. Ba daɗewa ya ɗauke, amma hanya ai sai ta tsane. Yana ta ba wani maƙwabcinsa labarin shekarar da shi da Abba suka kai raguna Damagaram a kan keke biyu, Abba na ɗan sha biyar. Ban taɓa sanin Abba ya iya keke ba ma. Maƙwabcin ya tashi ya tafi masallaci tun ana tsakiya. Baffa ya dakata da labarin, ya juyo da gilashin wajena. Wayata na cikin jaka, ina jin tana ƙara. Na ce, "Sai aka yi yaya da ragon da ya tsinke?"

Sai bayan la'asar na samu mota.

Ina shiga gida Umma ta miƙo hannu. "Ina cukun?"

Na ce ban samu mai kyau ba. Sai dai in koma wani satin.